Wutar da ke Riƙe Rubutu a Ƙirjin Riga

Idan rubutun da ke ƙirjin tishat ya fara tsagewa yana ɓarewa tun a wanki na biyu, abin da mutane ke cewa shi ne da jabun fenti aka yi aikin. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba musu. Amma duk wanda ya daɗe yana buga riguna ya san galibin rubutun da ke zubewa tawadarsa lafiya lau take, wuta ce bai sha ba. Sai mutum ya yi odar tawada mai tsada daga Mushin a Legas, ya fitar da zane mai kyau, ya ja shi sumul, a ƙarshe wahalar ta tashi a banza don an hana rigar minti ɗaya ko biyu na zafi.

Shagon mai bugun riga a Fagge ko Sabon Garin Kano ba wani girma ne da shi ba. Dogon tebur, firam-firam na katako jingine da bango, bokitan tawada, dilar fararen tishat daga Kantin Kwari, da yara biyu ko uku masu koyon aiki. Rabin farko na sana'ar a fili yake. Ana ɗaure raga mai ƙananan idanu a jikin firam, a shafe ta da maganin da haske ke daskararwa, a ɗora zanen a kai, a fitar rana na ɗan lokaci, a wanke da ruwa. Inda baƙin zane ya tare haske maganin zai wanke, idanun raga su buɗe. Daga nan sai a shimfiɗa riga, a zuba tawada, a ja ta da katako mai bakin roba. Yaro mai kai, cikin 'yan makonni hannunsa zai faɗa. Rabi na biyun, wato gashi, shi ke ɗaukar shekaru, domin ido ba ya nuna ko an yi shi daidai.

Tawadar riga iri biyu ce ta fi yawo a hannun masu sana'ar, kuma kowace da halinta a gaban wuta. Ta farko ita ce filastisol. Garin robar PVC ne, irin wadda ake yin fayif ɗin ruwa da ita, aka dama shi cikin wani mai da ke sa roba laushi, aka zuba launi. Ba ruwa a cikinta, don haka ba abin da zai bushe. Ka bar ta a kan raga ka tafi Juma'a ka dawo, tana nan ɗanya. Ka shanya rigar a ranar Afrilu ta Kano tun safe har la'asar, za ta shafe maka yatsa. Abin da take buƙata shi ne zafin da zai sa garin robar ya shanye man ya kumbura, ƙwayoyin su narke su haɗe su zama fata guda wadda ta kama zaren yadi. Ga yawancin nau'o'inta wannan yana faruwa ne a wajen digiri 160 na ma'aunin Salsiyas, kuma sai zafin ya ratsa kaurin tawadar duka, tun daga sama har inda ta taɓa zare.

Tarkon yana tsakiyar hanya. A wajen digiri 115 zuwa 120 tawadar takan daskare, ta daina maƙalewa a hannu. Yaro ya taɓa ya ce, "Maigida, ta bushe." Ta bushe ɗin, har ana iya ninke ta a sa a leda, kuma mai kaya zai karɓa yana sa albarka. Amma ƙwayoyin robar ba su gama haɗewa ba, jingine kawai suke da juna, wanki ɗaya ko biyu zai raba su. Maganin da yaro zai fara kawowa shi ne ƙara wuta don a yi sauri, shi ma kuskure ne. Mai suyar waina ta san abin da ke faruwa idan tanda ta yi zafi fiye da kima: baya ya ƙone, ciki ƙullu. Farar tawada ta fi kowace shiga wannan hali, don ana lafta ta da kauri a kan baƙar riga kafin ta rufe, sannan farin launi yana mayar da zafin hita baya maimakon ya sha shi.

Ta biyun ita ce tawadar ruwa, wadda ƙananan shaguna suka fi sabawa da ita saboda araha da sauƙin wanke raga. Ita tana bushewa da iska, shi ya sa za ka ga riguna rataye a igiya ko shimfiɗe a bakin shago. Yaudararta ta fi ta filastisol, domin rana takan busar da ita ƙayau. Amma abin da ke riƙe launinta a jikin zare wani danƙo ne da ba ya ƙullewa sai ruwan ya fice gaba ɗaya, sannan ya samu zafin digiri 150 zuwa 160 na kimanin minti biyu zuwa uku. Akwai maganin da ake ɗigawa a cikinta wanda ke sa ta kama ba tare da wuta mai yawa ba, sai dai rigar za ta jira kwana biyu ko fiye kafin ta ga ruwa, kuma tawadar da aka haɗa da shi ba ta ajiyuwa, sai a yi aiki da ita cikin sa'o'i.

Yanayin garinmu ma yana da ta cewa. Da hunturu tawadar ruwa kan bushe a idon raga tun mai bugu bai gama dozin ba, ƙura kuma ta bi ɗanyen rubutun da aka shanya a waje ta zauna. Da damina matsalar ta juya. Auduga tana shan laimar iska, kuma muddin akwai danshi a yadi, zafin da aka ba shi a korar ruwa yake ƙarewa, tawadar ba za ta wuce digiri 100 sosai ba sai tururin ya gama fita. Lokacin da ya isa riga a Janairu ba lallai ya ishe ta a Agusta ba. Gogaggen mai aiki kan fara danna rigar da zafi na 'yan daƙiƙoƙi kafin bugu don ya kori laimar.

Manyan kamfanoni suna da tanderu mai bel: a ɗora riga a baki ɗaya, ta bi ta cikin ramin zafi, ta faɗo ta ɗaya bakin a gashe, kowace da lokaci iri ɗaya. Ƙaramin shago ba shi da kuɗinsa, ba shi da wurin ajiye shi, ba shi da wutar da za ta ɗauke shi. Abin da ya rage masa uku ne. Akwai hitar hannu mai hura iska, wadda zafinta kan haura digiri 500 amma a wuri ɗan ƙarami. Ta isa ɗan tambarin makaranta a kan aljihu, amma a babban zane sai wani gefe ya ƙone wani bai nuna ba, gwargwadon yadda hannun yaro ya gaji. Akwai dutsen guga, wanda ke iya gasa tawadar ruwa idan aka rufa takarda aka yi haƙuri, sai dai na gawayi ba shi da ma'auni sai ƙiyasi. Sannan akwai injin danna riga mai faranti, wanda ake saita masa zafi da lokaci. A ganina duk wanda ya ɗauki sana'ar da gaske, wannan ne abin da ya kamata ya fara saya, tun kafin kwamfuta mai tsada. Shi ma da sharuɗɗansa: a fara daskarar da filastisol kafin a danne ta don kada ta baje, a rufa takardar da ba ta maƙalewa, idan kuma tawadar ruwa ce a bar farantin a sama kaɗan tururi ya fita tukuna. Masu araha daga cikin injinan kan yi zafi a tsakiya gefe ya yi sanyi, lambar da ke allon injin kuwa ba ta faɗin haka.

Duk wannan ilimi ne da ake iya koya. Abin da ke hana aiki da shi lantarki ne. Madaidaicin injin danna riga yana jan wat 1,400 zuwa 1,800, ƙaramin janaretan nan na shago kuwa ko wat 1,000 ba ya bayarwa, sai an tayar da babba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. A watan Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta na layin Band A zuwa naira 225 kowace yunit. Ko an kawo wutar, idan ta zo ba ƙarfi an koma gidan jiya: layin da ya kamata ya ba da bolt 230 idan ya faɗo 180, zafin da hita ke fitarwa yakan ragu zuwa kusan kashi 60 cikin 100. Kowace riga mai sanyi da aka ɗora tana satar zafin faranti, shi kuma ba ya iya mayarwa da wuri. Wanda bai tsaya jiran lambar ta koma wurinta ba, rigunan farko ne kawai suka gasu.

Yanzu a yi lissafi. Riga 500 a minti bibbiyu minti 1,000 ke nan, kusan awa 17 a gaban inji ɗaya, ban da ɗorawa da saukewa. Idan aka yanke lokacin biyu, an rage mai, an rage gumi, an cika alkawari, kuma mai kaya ba zai gane komai ba ranar karɓa. A nan amanar sana'ar take, a wurin da ba mai dubawa.

Lokacin siyasa ne wannan jarrabawa ta fi tsanani. Gabanin zaɓen Fabrairu da Maris na 2023, kamar kowane zaɓe, aiki kan zo ne ta hannu uku ko huɗu, kowane ya yagi rabonsa, a kawo shi daren Laraba a ce ana so kafin gangamin Asabar. Ɗan kwangila bai damu rigar ta wuce yini ɗaya ba. Amma rigar kamfe ba ta mutuwa ranar taro. Ita ce ta zuwa gona, ita ce ta ɗan dako da mai tura ruwa. Bayan shekara biyu kana iya karanta aikin shaguna a bayan mutane: wata fuskar ɗan takara na nan daram, wata saura hula da rabin suna. Makarantu su ne masu ladabtar da mai bugu. Kayan wasanni da bajen yunifom duk mako sai sun sha sabulu da cuɗa, iyaye sun biya kuɗinsu, kuma hedimasta yana dawowa kowace shekara, ko kuma ya daina dawowa.

Jesin ƙwallo kuwa wani babi ne, domin a can yawan wutar ne ke ɓata aiki. Yadin roba ne, kuma rininsa yakan fara tashi ya zama tururi tun daga wajen digiri 140 zuwa 150, ƙasa da abin da tawada ke nema. Tururin ya shige cikin farar lamba, jar jesi ta mayar da ita ruwan hoda. Abin haushin, ba lallai ya nuna nan take ba. Sai kulob ɗin unguwa ya karɓi kaya fari tas, bayan kwana uku a buɗe leda a ga lamba 10 ta canja kala. Ja da ruwan goro da shuɗi mai duhu sun fi yin haka. Akwai tawadar da aka yi don irin wannan yadi, mai nuna a wajen digiri 130 zuwa 140, akwai kuma wata mai ruwan toka da ake fara shimfiɗawa a ƙasa ta tare rinin. Kuma ba a jibge jesi da zafinsu, sai an baza kowace ta huce.

To yaya ake gane an gasu? A bar rigar ta huce, a kama rubutun a ja shi da hannu biyu. Filastisol da ta nuna za ta miƙe tare da yadin ta koma. Wadda ba ta nuna ba za ta tsage ta bar baki buɗe. Tawadar ruwa kuma a goge ta da jiƙaƙƙen farin ƙyalle a ga ko launi zai biyo. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga yana taimakawa, irin na masana'anta ba na auna goshi da aka saba gani lokacin korona ba, amma fatar sama kawai yake karantawa, bai san abin da ke ƙasa ba. Alƙalin ƙarshe wanki ne. A sadaukar da riga ɗaya cikin aikin, a raba ta biyu ta tsakiyar zane, a ba rabi wanki na mugunta sau da yawa, a kwatanta da ɗayan. Shaguna kaɗan ne ke yarda su yi asarar riga ɗaya, alhali ita ce mafi arahar inshorar sauran 499.

Wani abu da ba a cika kula da shi ba shi ne iskar shago. Robar PVC idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai yaji da ke cin maƙogwaro da ido, ga shi yara a nan suke wuni, a nan suke cin abinci. Da yawa kuma da kananzir ko fetur suke wanke raga, taku biyu daga faranti mai zafi. Taga a buɗe da fanka mai fitar da iska waje ba ado ba ne a wannan sana'a.

Kwanan nan bugun DTF ya shigo, inda inji ke fitar da hoto mai launuka a kan leda, a barbaɗa garin gam, a manna a riga. Ya ƙwace ƙananan ayyuka da yawa daga hannun masu raga, musamman rigunan biki da na ranar haihuwa da ba su wuce goma ko ashirin ba. Sai dai shi ma a gaban faranti yake ƙarewa, digiri 150 zuwa 160 na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, kuma idan zafi ko matsi ya gaza, gefen hoton zai fara ɗagowa.

Akwai kuma laifin da ake ɗora wa mai bugu alhali ba nasa ba ne. Filastisol ko ta gasu sarai, roba ce, zafi yana sake narkar da ita. Mai wanki da guga ya ɗora dutsen gawayi kai tsaye a kan rubutu, sai ya kwaso rabinsa a gindin dutse ya shafa wa rigar da ke biye. Shi ya sa mai shagon da ya san ciwon aikinsa, in yana miƙa kaya, yakan ce wa mai su: "Alhaji, a gaya wa mai guga ya juya ta ciki, kada dutse ya hau rubutun."