RUWAN CITTA DA ZUMA DON MAI MURA

Idan an gama kaka, an kai gero rumbu, sai hunturu ya kankama. Mutumin ƙasar Daura ba ya bukatar a gaya masa wannan. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu iska ta kan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Hamada, ta zubo mana. Da asuba ruwan randa ya yi sanyi ƙalau, leɓe ya tsattsage, ƙafa ta yi kaushi. Ko Zango ka je, ko Baure, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, za ka ji wannan yana tari, wancan yana atishawa. Har a nan ajinmu, wani yana cikin karatu sai tari ya katse shi.

To, yau za mu koyi yadda a ke haɗa wani abin sha mai zafi wanda ya ke sauƙaƙa wa mai mura wahala. Kayan haɗinsa duka suna kasuwarmu. Za mu kuma koyi inda amfaninsa ya tsaya, don akwai ciwon da ya fi ƙarfinsa.

ME KE KAWO MURA?

Mutane su kan ce sanyi ne ya ke kawo mura. Sanyi da ƙura suna taimaka mata, gama suna busar da hanci da maƙogwaro. Amma ainihin mai kawo ta wata 'yar ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani. Likitoci suna kiran irinta bairos. Idan mai mura ya yi tari ko atishawa, ƙwayar ta kan fito ta bi iska. Ta kan kuma manne a hannu da bakin moɗa. Da hunturu mutane su kan taru a ɗaki ɗaya su rufe ƙofa, shi ya sa in ɗaya ya kamu sai ta zagaye gidan.

Mura iri biyu ce. Akwai ƙarama, mai yoyon hanci da kaushin maƙogwaro. Wannan ta kan wuce da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, ko da ya ke tarin ya kan ɗan ƙara kwanaki. Akwai kuma babba, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ta kwantar da ƙato. Babbar ba abar wasa ba ce. A shekarar 1918 irinta ta zagaye duniya. Ta shigo Nijeriya ta Ikko, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, ta hallaka mutane da yawa.

Ƙaramar mura ba ta da wani magani mai kashe ta. Jikin mutum shi ne ya ke yaƙi da ita har ya ci nasara. Aikinmu shi ne mu taimaki jiki da hutu da abinci da abin sha mai ɗumi.

KAYAN HAƊI

Ga abin da za ka nema:

1. Ruwa mai tsabta, kofi 4.
2. Citta ɗanya, kamar girman babban yatsanka. In busasshiya ce, a daka, a ɗebi ƙaramin cokali 1.
3. Kanumfari ƙwaya 4 ko 5.
4. Masoro ƙwaya 3, in kana so.
5. Lemun tsami 1.
6. Zuma.

Citta da kanumfari da masoro duk suna wurin masu sayar da kayan yaji. Sun yi tafiya mai nisa kafin su iso gare mu. Yawancin cittarmu a kudancin Jihar Kaduna a ke noma ta, wajen Kaciya da ƙasar Jaba. Kanumfari kuwa tohon furen wani itace ne da a ke busarwa, ana samunsa da yawa a tsibiran Zanzibar da Pemba, can gabashin Afirka. Zuma da lemun tsami su ne na kusa da mu.

Ka kula wajen sayen zuma. Akwai masu dafa sukari su zuba a kwalba, su ce zuma ce. Ka saya wurin mai amya wanda ka sani, ko wurin ɗan kasuwar da ka yarda da amanarsa.

YADDA A KE HAƊAWA

Da fari ka wanke hannunka da sabulu. Ka wanke tukunya da kofi. Ka wanke cittar, ka kankare bayanta, ka daddaka ta kaɗan don ta saki ƙarfinta.

Ka zuba ruwan nan kofi 4 a tukunya, ka sa citta da kanumfari da masoro, ka ɗora a wuta. In ya tafasa, ka rage wuta, ka rufe tukunyar, ka bar shi minti 10. Ƙamshinsa zai cika gida.

Sa'an nan ka sauke, ka tace da rariya ko da ƙyalle mai tsabta. Ka zuba kofi ɗaya. Ka dakata ya ɗan huce, yadda baki zai iya ɗauka. A nan ne za ka matsa rabin lemun tsami, ka zuba zuma ƙaramin cokali 1 ko 2, ka motsa. Kada ka sa lemu da zuma tun tukunya tana kan wuta, don dahuwa tana rage amfanin lemu, tana kuma kashe ɗanɗanon zuma.

Ka sha da kurɓi kaɗan kaɗan, tururin yana shiga hancinka. Babba zai iya shan kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya kafin barci. Abin da ya rage a rufe shi, a ɗumama in za a sha. Wanda ya kwana a zubar, a dafa sabo.

In babu lemu, a jiƙa tsamiya a tace a zuba. In babu zuma, a sa sukari kaɗan. Uwargidan da ta dama kunun tsamiya mai zafi da citta da kanumfari ta ba mai mura, ita ma wannan aikin ta yi, har ta ƙara da abinci a ciki. Iyayenmu sun daɗe da sanin haka.

AMFANINSA

Ruwa mai ɗumi yana tsinka majina, hanci ya buɗe. Yana mayar wa jiki ruwan da ya rasa ta gumi da yoyon hanci. Citta tana ɗumama jiki, tana kwantar da tashin zuciya. Zuma tana lulluɓe maƙogwaro, kaushi ya ragu. Likitoci sun gwada ta a kan yara masu tari, sun ga tana rage tarin dare, yaro ya sami barci, uwarsa ma ta samu.

Amma abin shan nan ba ya kashe ƙwayar mura. Sauƙi ya ke kawowa kafin jiki ya gama yaƙinsa. Haka kuma kafso ɗin nan da masu talla su ke yawo da shi a faranti ran kasuwa, ba ya taɓa ƙwayar mura ko kaɗan. An yi shi ne don wasu cututtuka dabam. Wanda ya saya don mura ya yi asarar kuɗinsa, kuma yawan shansa barkatai ya kan sa ya daina aiki ranar da a ke bukatarsa. Maganin tari mai kodin kuwa, gwamnatin Nijeriya ta hana yinsa da shigo da shi a shekarar 2018, saboda ya lalata matasa da yawa.

WAƊANDA ZA SU KIYAYE

Hausawa sun ce, zuma da zaƙi da harbi. Kada a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da lasa ce. Wani lokaci akwai wata ƙwayar cuta a cikinta wadda cikin babba ya ke iya kashewa, na jariri ba ya iyawa. Tana iya shanye masa jiki har numfashi ya gagare shi.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa shi ne abincinsa da abin shansa. In yana mura a yawaita ba shi nono, kada a ɗura masa kome.

Yaron da ya wuce shekara 1, a surka masa da dafaffen ruwa don yajin ya ragu, a cire masoro, a ba shi kaɗan. Uwa ta fara ɗanɗanawa kada ya ƙone masa baki.

Mai ciwon sukari ya sha ba zuma, ba sukari. Mai gyambon ciki ya rage citta da lemu. Mace mai juna biyu ta sha marar ƙarfi, kada ta yawaita.

RANAR DA ZA A AJIYE KOFI A TAFI ASIBITI

Jiki magayi. Akwai alamun da su ke nuna cewa abin ya wuce mura.

Babba daga ciki shi ne saurin numfashi ga yaro. Mura ta kan sauka ƙirji ta zama ciwon huhu, wanda mu ke kira ciwon haƙarƙari. Yana cikin cututtukan da su ka fi kashe ƙananan yara a ƙasarmu, alhali kuwa yana da magani in an je da wuri. A nan ƙidayar da ka koya a aji za ta yi maka rana. Ka bari sai yaron ya natsu, ba ya kuka. Ka ɗaga rigarsa, ka dubi agogo ko wayarka, ka ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti 1.

Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashi ya yi sauri.
Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ya yi sauri.
Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi sauri.

In ka ga haka, ko ka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa duk sa'ad da ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono, ko yana suma, ku tashi zuwa asibitin da ya fi kusa. Kada a ce sai gobe.

Zazzaɓi mai zafi, ga yaro ko babba, a je a gwada jini, don zazzaɓin cizon sauro ya kan fara kamar mura. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya alamar sanƙarau ce, ta fi yawa daga ƙarshen hunturu zuwa bazara. Wannan ba ta jiran kowa. Tarin da ya wuce mako 2, ko mai fitar da jini, ko mai sa rama, a je a gwada majina saboda tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Tsoho kuma in numfashi yana yi masa wuya, a kai shi.

RIGAKAFI

Mai mura ya rufe bakinsa da ƙyalle in zai yi tari. A ware masa kofinsa. Kowa ya riƙa wanke hannu da sabulu. A sa wa yara riga mai kauri da hula da asuba. Kada a kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa. Uwa ta kai ɗanta allurar rigakafi har ta cika, gama a cikinta akwai mai kare yaro daga wasu irin ciwon huhu.

In ka koma gida yau, ka karanta wa iyalinka wannan darasi. Ka rubuta lambobin nan uku, 60 da 50 da 40, a takarda, ka liƙa a bangon ɗaki inda uwar yara za ta riƙa gani. Allah ya ba mu lafiya.

TAMBAYOYI

1. Me ke kawo mura?
2. Minti nawa a ke barin citta a kan wuta bayan ruwa ya tafasa?
3. Don me ba a ba jariri zuma?
4. Yaro ɗan shekara 3 ya yi numfashi 46 a minti 1. Me za ka yi?
5. Rubuta kayan haɗin nan shida a littafinka.