Manyan hanyoyin Nijar: layin haɗin kai da rassan kasuwa

Gabatarwa

Nijar ƙasa ce da ba ta iyaka da teku, kuma kusan duk kayan da suke shigowa bisa mota ake ɗaukarsu. A cikin wannan ɗan nazari za mu nuna cewa manyan hanyoyinmu sun ginu bisa manufa biyu: ta mulki da ta kasuwanci.

1. Hanya mai lamba 1

Tun da Turawan Faransa suka maida babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ya zama dole a haɗa yamma da gabas. Hanya mai lamba 1 ce ta ɗauki wannan nauyi: daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure da Diffa, ta tuƙe a N'gigmi. Tsakanin Yamai da Damagaram kawai akwai kusan kilomita 900. Ƙasar Kanada ta taimaka wurin shimfiɗa gudron ɓangaren gabas cikin shekarun 1970.

2. Rassan kudu da arewa

Mun lura cewa kasuwa ba ta bin wannan layi kaɗai. Fataken Maraɗi suna gangarawa Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, na Damagaram suna bi ta Magarya zuwa Kano, kamar yadda ayarin da suke yi. Daga Dosso kuwa hanya ta sauka Gaya, ta ƙetare kogin Kwara zuwa Malanbil da tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, wadda aka kammala wajen 1980, an yi ta ne don fitar da iraniyum.

3. Raunin tsarin

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe iyakokin Benin da Nijeriya; manyan motoci suka yi cirko-cirko a Malanbil, farashin kayan masarufi ya tashi. Hanya mai lamba 1 tana nan, amma a lokacin kayan da za ta rarraba sun maƙale a bakin iyaka.

Kammalawa

Saboda haka muna ganin bai kamata a auna amfanin wannan babbar hanya ita kaɗai ba. Lafiyarta ta dogara ga rassan da suke ciyar da ita.