Tiyata da Mutum-mutumi: Lissafin da ke Gaban Masu Zuba Jari a Jos

JOS: A Terminus, cibiyar cinikin birnin Jos, ake haɗuwa da fatake daga Shendam da Langtang da Bauchi da Kafanchan, duk da cewa Babbar Kasuwar da ta ɗaukaka sunan wurin ta ƙone tun watan Fabrairun 2002. Kusa da nan ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, ya yi shekaru yana aiki kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Lamingo. Hanyoyin da ke kawo kaya su ne ke kawo majinyata, domin haka duk wani sabon salon jinya da ya iso Nijeriya yakan zama abin lissafi ga 'yan kasuwar wannan birni. Wanda ake magana a kansa yanzu shi ne tiyata da taimakon na'urar mutum-mutumi.

Tushen al'amarin shi ne tiyatar huji. Maimakon a tsaga ciki da faɗi, likita yakan huda ƙananan ramuka uku ko huɗu, kowanne bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Sai a hura iskar kabon domin cikin ya buɗe, a zura kyamara ta rami ɗaya, a zura dogayen kayan aiki ta sauran, likita yana kallon allon talabijin. Wani likitan Jamus, Erich Mühe, ya cire matsarmama ta wannan hanya a 1985, Philippe Mouret kuma ya yi haka a Lyon ta Faransa a 1987, daga nan salon ya bazu. Amfaninsa a fili yake: jini kaɗan ke zuba, ciwon bai cika ruɓewa ba, majinyaci kuma yakan koma gida cikin kwanaki kaɗan. Ga mai shago a Terminus, wanda kowace ranar rufe ƙofa asara ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Likitocin JUTH sun wallafa rahotanni kan irin wannan tiyata tun farkon shekarun 2010.

Mutum-mutumi ƙari ne a kan wannan. Sunan yakan ruɗi mutane, gama na'urar ba ta yanka kowa da ra'ayin kanta. Likita ne ke zaune a gefe, idonsa cikin madubin da ke nuna masa cikin jiki da zurfinsa, an kuma faɗaɗa hoton ninki da yawa. Yatsunsa suna motsa maɗaukai, hannayen ƙarfe kuma suna maimaita motsin a jikin majinyaci. Kan kowane kayan aiki yana lanƙwasa kamar wuyan hannu, na'urar kuma tana tace rawar hannun likita. Fitacciyar cikinsu ita ce da Vinci ta kamfanin Intuitive Surgical na Amurka, wadda hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a shekarar 2000. Inda ta fi yin suna shi ne cire furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, saboda wurin matsattse ne, jijiyoyin da ke riƙe fitsari da ƙarfin namiji kuma suna manne da shi. Sankarar furostet ita ce sankarar da ta fi kama maza a Nijeriya.

Sai dai fifikon na'urar bai game kowane aiki ba. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017 mai suna ROLARR, kan sankarar ƙarshen hanji, bai sami gagarumin bambanci tsakaninta da tiyatar huji ta hannu ba wajen rage yawan waɗanda dole a koma a tsaga cikinsu. A ayyukan yau da kullum irin su afendis da gwaiwa da matsarmama, ƙwararren likita yakan sami sakamako mai kyau ba tare da ita ba, da kuɗi kaɗan.

A nan ne lissafi ya shigo. Sabuwar da Vinci takan kai dala miliyan 2, wani lokaci ta zarce. Kwangilar kula da ita takan haura dala 100,000 a shekara. Bugu da ƙari, kayan da ake ɗaura wa hannayenta suna da ƙidaya a cikinsu, da zarar an yi amfani da su sau goma ko sama da haka kaɗan sai na'urar ta ƙi karɓarsu, dole a sayo sababbi daga kamfanin. Wato ciniki ne irin na injin da ba ya cin kayan gyaran kowa sai na mai shi. Dukkan wannan da dala ake biya. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 kuwa ta haura 1,500. A wannan farashi, dala miliyan 2 naira biliyan 3 ke nan.

A ɗauki misali. Idan aka raba dala miliyan 2 kan shekaru 10, aka ƙara dala 150,000 ta kulawa, asibiti yana bin kansa dala 350,000 kowace shekara tun kafin ya taɓa majinyaci. In ya yi tiyata 100 a shekara, kowace tana ɗauke da dala 3,500 ta na'ura kawai, ban da kayan hannu da albashi da magani. In ya yi 300, nauyin ya sauko ƙasa da dala 1,200. Yawan majinyata shi ne ke raba riba da faɗuwa, shi ya sa na'urar ta fi zama a manyan birane. A Afirka ta Kudu wani asibitin kuɗi a Pretoria ne ya fara kawo ta a 2013, asibitocin gwamnati na Tygerberg da Groote Schuur a Cape Town suka biyo baya bayan shekaru da dama. A Nijeriya, cibiyar The Prostate Clinic ta Legas ƙarƙashin Farfesa Kingsley Ekwueme ta fara irin wannan aiki a 2025.

Farashin ya fara samun masu karya shi, domin wasu daga cikin haƙƙoƙin mallakar Intuitive sun ƙare. Akwai Versius ta kamfanin CMR Surgical na Ingila, wadda aka ƙera hannayenta daban-daban kan tayoyi domin a iya tura su daga ɗaki zuwa ɗaki. Akwai Hugo ta Medtronic, da Toumai ta MicroPort ta ƙasar Sin, da SSi Mantra ta Indiya, wadda aka yi ta musamman domin ta yi araha. Har ila yau akwai batun tiyata daga nesa. A watan Satumban 2001 Farfesa Jacques Marescaux yana New York ya cire matsarmamar wata mata da ke Strasbourg, a 2025 kuma Dakta Vipul Patel yana jihar Florida ya yi wa wani majinyaci a Angola tiyatar furostet. Wannan shi ne mafarkin asibitocin karkara, amma yana buƙatar layin sadarwa marar yankewa, da cikakkiyar tawagar likitoci a gefen majinyaci waɗanda za su karɓi aikin in an sami matsala.

Wutar lantarki ita ma kuɗi ce. Filato ta san wutar ruwa tun zamanin haƙar kuza, lokacin da kamfanin NESCO ya kafa tasha a Kurra, amma asibitin da zai ajiye irin wannan na'ura a yau sai ya tanadi janareto da batura, alhali a watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225 kan kowane kilowat na sa'a.

Babbar tambaya ita ce wa zai biya. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta shiga tsarin, Jihar Filato kuma tana da hukumarta, PLASCHEMA, sai dai gudummawar da ake tarawa an auna ta ne da jinyar yau da kullum. Abokan cinikin farko, ke nan, su ne masu halin da a da suke tafiya Indiya ko Masar ko Dubai. Jos tana da abin da za ta ja su da shi: sanyin yanayi, da makarantar horar da likitoci, da Asibitin Jankwano na Jami'ar Bingham, da matsayinta a mahaɗar hanyoyin Bauchi da Kaduna da Nasarawa.

Game da manyan asibitocin Pankshin da Shendam da Langtang kuwa, ma'aunin da ya dace da su daban ne. Kwamitin mujallar Lancet kan tiyata a duniya ya bayyana a 2015 cewa mutum biliyan 5 ba su da hanyar samun tiyata mai aminci da araha. Ya kuma sa sharaɗin cewa majinyaci ya iya kaiwa, cikin sa'o'i biyu, asibitin da zai yi tiyatar haihuwa, da buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fito. Abin da wannan ke buƙata shi ne likitan sa barci, da iskar oksijin, da ma'ajiyar jini, da tukunyar dafa kayan tiyata. Cikakken kayan tiyatar huji ta hannu ɗan kaso ne na kuɗin mutum-mutumi guda, kuma a nan ne mai matsakaicin jari zai iya shiga: samar da iskar kabon da oksijin, kafa wutar sola a ɗakunan tiyata, ba da hayar kyamarori, da horar da masu gyaran na'urorin asibiti, waɗanda har yanzu sau da yawa sai an ɗauko su daga Legas ko Abuja.