Motar gida a Dantchiao: Yaushe ya kamata a canja taimin bel?

A Dantchiao, ƙaramar hukumar da ke gundumar Magarya a jihar Damagaram, daf da iyakar Najeriya, motar gida mai kujeru bakwai tana aikin da ya fi na kai yara makaranta. Ita ke kai amarya, ita ke ɗauko buhunan gero, kuma idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, ita ake tayarwa zuwa asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram. Sau da yawa ɗan gidan da ke ci-rani a Kano, Legas ko Libiya ne ya turo kuɗin sayenta.

Sai dai akwai wani ɗan bel na roba mai haƙora a cikin injin, wanda ba a ganin sa ko an buɗe bonet saboda an rufe shi da murfi. Makanikai na kiran sa taimin bel, takardun mota na Faransanci kuma courroie de distribution. Aikinsa shi ne daidaita juyawar ƙasan injin da samansa, domin bawul su buɗe su rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Ba shi ne fambel ɗin waje mai kuka da safe ba, kuma nan ne masu mota da yawa ke ruɗewa: a canja na waje, a ɗauka an gama.

Taimin bel ba kasafai yake gargaɗi ba. Mota na cikin tafiya lafiya lau, sai ta mutu. A injuna da yawa, idan ya tsinke, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, abin da zai kai ga buɗe kan injin, wani lokaci ma sai an nemo wani injin ɗungurungum.

Kamfanoni sun ba da ƙa'ida. Toyota Sienna ta 1998 zuwa 2006 tana da bel, kuma kamfanin ya ce a canja a mil 90,000, kimanin kilomita 145,000. Daga ƙirar 2007 aka koma sarƙa, wadda ba ta da irin wannan wa'adi. Honda Odyssey mai silinda shida mil 105,000 ne ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa. Volkswagen Sharan, wadda 'yan tasha ke kira Sharon, ya danganta da injinta: mai gas na 1.9 bel ne, VR6 kuma sarƙa. Don haka tambayar farko ita ce wane injin ne a cikin motar.

Amma akwai wani sharaɗi a littafin Honda da ya fi shafar mutanen Dantchiao: idan ana yawan tuƙa motar a zafin da ya haura digiri 43, a canja a mil 60,000. Wanda ya san watan Afrilu da Mayu a Damagaram ya san ba labarin wata ƙasa ake ba shi ba. Zafi na busar da roba, kuma roba tana tsufa ko da motar na ajiye a ƙarƙashin darbejiya. Motar da ba ta fita sai ranar kasuwa ko biki ba ta tsira ba, shekarunta ake ƙirgawa.

Babbar matsalar ita ce duk waɗannan alƙaluma sun dogara da sanin tarihin mota, abin da mai sayen ta hannu ba ya samu. Motocin sun shekara goma sha a Turai ko Amurka kafin su sauka tashar jiragen ruwan Kwatano ko Lome, wasu kuma sun ƙara zagaye a hannun mutum biyu ko uku a Najeriya. Mayar da mitar mota baya ba sabon abu ba ne a kasuwar. Ga kuma wani tarko: motar Amurka da mil take ƙirge, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 100,000 a mita ya ɗauka kilomita ne, alhali motar ta ci 160,000. Ko fitilar T-BELT da ke kan Hiace mai gas nisan tafiya kawai take lissafawa, ana iya kashe ta ba tare da an taɓa bel ɗin ba.

Shi ya sa abin da ya fi hankali shi ne: motar da ta shigo gida babu takarda ko tambarin da ke nuna ranar da aka yi aikin, a canja mata bel kafin ta fara doguwar hanya. Ɗan ci-ranin da ya turo kuɗin mota ya haɗa da na wannan aiki tun farko, ya kuma nemi a turo masa hoton tsohon bel ɗin da kwalin sabon ta WhatsApp.

Ba bel kaɗai ake canjawa ba. A Sienna da Odyssey shi ke juya famfon ruwan injin, don haka tunda an buɗe, gara a canja famfon da tayoyin da ke ɗaure bel ɗin a lokaci guda, domin idan ɗayansu ya cije, sabon bel ma zai tafi. Idan baƙin mai na yoyo ta wurin, sai an toshe, saboda mai na cinye roba.

Kayan kan zo ne daga Damagaram ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kamar kowace babbar kasuwa, akwai na gaske akwai jabu a kwali iri ɗaya. Gates, Aisin, Mitsuboshi da Continental sunaye ne sanannu, amma suna a jikin kwali ba shaida ba ne, musamman idan farashin ya yi arha fiye da kima. Bakaniken ma sai wanda ya san injin, don haƙori ɗaya idan ya goce wajen ɗaurawa, motar za ta rasa ƙarfi.

Idan an kammala, a rubuta kwanan wata da lambar mita a jikin murfin bel ɗin da fenti, inda bakanike na gaba zai gani.