Ƙumar da ke jikin kare, garkenta yana cikin ƙasa

A ƙarshen watan Agustan bara wata dattijuwa ta aiko jikanta ya kira ni zuwa ƙauyensu, kusa da tafkin Madarumfa. Jajayen awaki uku gare ta, biyu daga ciki na habbanaye ne, watau an ba ta su ta kiwata, in sun haihu ta miƙa ma wata mace ta bayanta. Cikin mako biyu ƴan awaki biyu sun mutu, na uku yana kwance ba ya iya miƙewa ya sha nono.

"Likita, sau biyu ina ba su maganin tsutsar ciki," in ji ta. "Ko sammu ne?"

Na buɗe fatar idon ɗan akuyan, na tarar da ita fari fat kamar takarda. Dasashinsa ma haka. Da na shafa gashin wuyansa baibai, sai ga ƙuma tana gudu cikin fata kamar an watsa gero. Na ce, "Inna, wa ke kwana a rumfar nan ban da awaki?" Ta nuna mini wata karya da ƴaƴanta huɗu, kwance a gindin turke. Kafin in fito daga rumfar, ƙafar wandona ta yi baƙi.

A tsarin aikinmu kare ba ya cikin lissafi. Lokacin gangamin rigakafin shekara-shekara shanu da tumaki da awaki da raƙuma ake kawo mana. Amma karen da ke gadin garke, ko na farauta, ko na tsaron gida, a wuri ɗaya yake kwana da bisashe, kuma abin da ke jikinsa yana isa gare su.

Abin da ido ba ya gani

Ƙumar da aka fi samu a jikin karnuka, masana suna kiranta ƙumar kyanwa, amma ba ta zaɓen jini. Tana hawa kare da kyanwa da ɗan akuya da ɗan tunkiya da ɗan maraƙi, ta ciji mutum a idon sawu. Macen tana soma ƙwai kwana ɗaya zuwa biyu bayan ta fara shan jini, kuma tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan ba ya manne wa gashi. Duk inda dabbar ta kwanta ko ta kakkaɓe jiki, nan yake zuba.

Cikin ƴan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe wata ƴar farar tsutsa mai gudun haske, ta nutse cikin taki da ƙura da tsagar daɓe. Abincinta kashin manyan ƙuma ne, wanda busasshen jini ne kawai. Bayan mako ɗaya zuwa biyu sai ta saƙa wa kanta ɗan kwanso, ƙura ta lulluɓe shi. A cikin kwanson nan magani ba ya cika isa gare ta, kuma tana iya yin watanni tana jira har ta ji motsi da ɗumin jiki da numfashi. Shi ya sa ɗan ci-rani zai dawo ya buɗe ɗakin da ya kulle wata huɗu, ƙuma ta rufe masa ƙafa, ya rasa daga ina ta fito.

Ƙiyasin da likitocin dabbobi ke aiki da shi shi ne, manyan ƙuma da ake gani a jikin dabba kusan kashi 5 ne cikin 100. Sauran kashi 95, ƙwai da tsutsa da masu kwanso, suna ƙasa. Wanda ya wanke kare ya bar makwancinsa ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Me ya sa damina, me ya sa nan

Tsutsar ƙuma ba ta jure bushewa. Idan laimar iska ta sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100, ko zafi ya wuce digiri 35, mutuwa take yi. Don haka a watan Afrilu, a fili cikin rana, ba ta da wurin zama. Amma daga Yuli zuwa Oktoba lamarin yakan juya. Da an yi shuka ake ɗaure awaki a turke don kada su shiga gonaki. Taki yana taruwa a wuri guda, rumfa tana ba da inuwa, ƙasa ba ta bushewa. A irin wannan yanayi, daga ƙwai zuwa babbar ƙuma mako biyu zuwa uku ne.

Ƙauyukan da ke bin Gulbin Maraɗi da kewayen tafki sun fi na tudu daɗewa cikin danshi. Ko da rani ma akwai wuraren da ƙuma ke fakewa: ƙarƙashin rumbu, gindin randa, bayan tulin karan dawa, da ramin da kare ke tonawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa don ya sha sanyi.

Yadda take kashe ɗan akuya

Mutane da yawa suna ɗaukar ƙuma abin ƙaiƙayi ne kawai. Bari mu yi lissafi. Matan ƙuma kamar 70 suna shan jini kusan mililita 1 a rana. Jaririn jar akuyar Maraɗi yana zuwa duniya da nauyin kilo 2 ko ƙasa da haka, duk jinin jikinsa bai wuce mililita 150 zuwa 160 ba. Idan ƙuma 700 ta hau shi, abin da ba wuya a rumfar da ta kamu, mililita 10 ke fita kowace rana. Babbar akuya za ta jure. Jariri ba zai kai mako biyu ba. Kwikwiyo da ƴar kyanwa ma haka suke mutuwa.

Alamun suna kama da na tsutsar ciki: rama, kasala, farin ido, gashi a tsaye. Nan ne ake ɓata kuɗi da lokaci. Kafin a ba da maganin tsutsa, a shafa gashin wuya da ciki da hammata da tsakanin cinyoyi. Idan ba a ga ƙumar ba, a tsefe gashin a kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Baƙin ɗigon da ya zuba ya narke ya zama ja, kashin ƙuma ne. Yana yiwuwa a samu duka biyun, ƙuma da tsutsa, musamman da damina.

Akwai kuma tsila. Tsutsar ƙuma tana cin ƙwan wata irin tsila, kare ya haɗiye ƙumar wajen cizon jikinsa, tsilar ta girma a hanjinsa. Za a ga gaɓoɓinta kamar ƙwayar shinkafa a kashinsa ko a gindin wutsiya. Ƙaramin yaro mai rarrafe da ya haɗiye ƙuma yana iya kamuwa. Sannan cizon da yara ke sosawa da ƙazamin farce yakan zama gyambo. Kaji kuma suna da tasu ƙumar daban, wadda ke kafewa a gefen ido da tukku ba ta tsalle, tana rage ƙwai tana kashe ƴan tsaki, kuma takan koma kunnen kare.

Magungunan da ke kashe mai gida

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan aiki shi ne piya-piya. Ana sayar da shi a ƴan kwalabe marasa takarda a kasuwanninmu da na kan iyaka kamar Ɗan Isa. Gubar da ke ciki, diklobos, tana shiga ta fata da numfashi. Na taɓa zuwa gidan da wani matashi ya shafa wa karen farautarsa ita da tsumma. Na tarar da karen yana dalalar miyau, jiki na rawa, yana zawo, ƙwayar ido ta tsuke. Yaron da ya riƙe masa karen shi ma kansa na ciwo yana amai. An kai yaron likita ya warke, karen bai kai dare ba. A Nijeriya hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin wannan maganin ƙwari na gona a buɗaɗɗun kasuwanni tun 2019, saboda yawan mutanen da yake hallakawa. Idan irin haka ta faru, a wanke jikin da ruwa da sabulu nan take, mutum a kai shi likita, dabba a kira ma'aikacin kiwo. Akwai allurar atrofin da ke karya gubar idan an yi sauri.

Baƙin mai da kananzir suna ƙona fata, dabba ta lasa ta kamu da ciwon ciki. Allurar ibamektin, wadda mutane suka mai da maganin komai, tana aiki a kan tsutsar ciki da ƙazwa, amma ba a dogara da ita kan ƙuma. Amitraz na kaska ne da ƙazwa, kuma yana da haɗari ga doki da jaki da kyanwa. Maganin kare mai farmetrin yana kashe kyanwa. Fifronil yana kashe zomo, kuma ba a sa shi ga dabbar da za a ci namanta ko a sha nononta.

Abin da muke yi

Dokar farko ita ce komai a rana ɗaya: kare, kyanwa, awaki, akurki da ƙasa. Wanda aka bari shi zai dawo da ita.

Ga babban kare, maganin ɗigawa a ƙeya mai fifronil yana aiki kusan wata guda. A buɗe gashi a ɗiga a kan fata tsakanin kafaɗu, inda harshe ba ya kaiwa, gwargwadon nauyin karen, kuma kada ya shiga ruwa kwana biyu. Ba a ɗiga wa kwikwiyon da bai kai mako 8 ba. Shi da jaririn akuyar da ya galabaita, wanka da ruwan ɗumi da sabulu ya fi musu. A fara sa kumfa a wuya don kada ƙumar ta gudu zuwa kai, a bar ta minti biyar zuwa goma, a ɗauraye, a tsefe, a goge, a bar su a hantsi su bushe. A tabbata jaririn ya sha nono, ko da sai an riƙe masa uwar.

Ga manyan awaki da tumaki, ana amfani da deltametrin ko sifametrin da aka yi domin dabbobi, ba na auduga ko wake ba. A saya a wurin likitan dabbobi mai izini ko mataimakan kiwo da ke ƙarƙashinsa, a bi ma'aunin da ke jikin takarda, a kiyaye kwanakin da aka ce kada a sha nono ko a yanka. A sa safar hannu, yara su yi nisa. Waɗannan magunguna suna kashe kifi ko da kaɗan ne, don haka ba a wanke bokiti ko famfon feshi a tafki ko a gulbi. Masuntan Madarumfa da ruwan nan suke ci.

Aikin ƙasa shi ne babba, kuma ba ya cin kuɗi. A kwashe takin rumfa har a ga ƙasa mai tauri, a kai shi gona a baza a rana, kada a tara a bayan ɗaki. Idan da hali a matsar da turke zuwa sabon wuri, a yaye rufin tsohuwar rumfar rana ta dake ta. Buhu da tsumman da kare ke kwana a kai, a ƙone su nesa da danga da rumbu. Tabarmi da barguna a shanya su da tsakar rana, abin da ke wankuwa a wanke da ruwan zafi. A share ɗaki kullum, har ƙarƙashin gado da lungu, a ƙone sharar. A kwara tafasasshen ruwa a tsagar daɓe, sannan a liƙe ta. Toka da ganyen bedi da mutanenmu ke zubawa suna busar da wuri suna rage ƙwari, ina ƙarfafa su, amma su kaɗai ba sa kawar da ƙumar da ta riga ta yi yawa.

Sai haƙuri. Bayan mako biyu za a sake ganin ƙuma, mutane su ce maganin jabu ne. Masu kwanso ne ke fitowa. A ci gaba da shara, a maimaita maganin a kan lokacinsa har wata uku. Daga nan kare ya samu makwancinsa daban, a busasshen wuri, nesa da turken jarirai. Tunda an kama shi an riƙe, a tambayi ma'aikacin kiwo maganin tsila da allurar rigakafin haukan kare.

A gidan Inna mun yi wannan aiki da jikokinta biyu da amalanken maƙwabci. Amalanke uku na taki muka fitar. Ta so a kori karyar gaba ɗaya. Na ce mata, "Inna, in kin kore ta ƙwan yana nan, kuma yunwarsu duka a kan awaki da jikokinki za ta ƙare. Ga shi ba mai yi miki haushi da dare." Ta yarda aka yi wa karyar rumfa a bakin ƙofa.

Ɗan akuyan ya miƙe a kwana na huɗu. Na yi masa allurar ƙarin jini, na koma sau biyu cikin watan Satumba, fatar idonsa ta dawo ja a hankali. Mace ce, kuma ita Inna ta miƙa wa matar da ke bin layin habbanaye bayan an yaye ta. Bana, tun kafin ruwan farko, ta aiko jikan nata ya tambaye ni ranar da za a kwashe rumfa.