Shu mai tsami da haƙarƙarin akuya: girkin Jamusawa a tukunyarmu

Duk wadda ta saba shiga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi a tsakiyar sanyi ta san yadda shu ke cika gari. Daga watan Janairu zuwa Maris ana jibge shi buhu-buhu daga lambunan rani, farashinsa ya faɗi warwas, har mai sayarwa ya riƙa roƙonki ki ƙara ɗaya. Ki kai shi gida a Issawane, kwana huɗu ko biyar ganyen ya yi yaushi, ya fara wari, ƙarshenta awaki ne ke cin rabinsa. Bazara na shigowa kuma sai a neme shi a rasa, miya ta koma kuka da busasshiyar kuɓewa har ruwa ya sauka. Shu ɗin nan, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kabeji, arharsa ta ɗan lokaci ce, kuma yawancinmu ba mu da firigo.

Mutanen Jamus sun daɗe da irin wannan matsala, sai dai su sanyi ne ke hana su ɗanyen ganye, mu kuwa zafi. Dabarar da suka gada ita ce su yayyanka shu, su cuɗe shi da gishiri, su danne a ganga har ya yi tsami. Suna kiransa Sauerkraut, wato shu mai tsami, Faransawa kuma na ce masa shukurut, kuma yankin Alzas na gabashin Faransa ya yi suna da shi. In iyali za su ci abincin dare mai daraja, sai uwar gida ta soya yankan haƙarƙarin alade, ta turara shi a cikin shu ɗin. Mu alade haramun ne gare mu, babu wani dogon zance a nan. Amma abin da naman ke bayarwa a girkin kitse ne kawai da ƙashi, kuma tunkiya na da su, jar akuyar Maradi ma na da nata. Aikin gaske yana wajen shu.

Na san akwai wadda za ta ce, “Haba, ruɓaɓɓen ganye za mu ba maigida?” To ki duba ƙwaryar nononki. Madarar da aka bari ta kwana ta zama kindirmo ba ruɓewa ta yi ba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suka cinye zaƙin da ke cikinta suka mai da shi tsami, tsamin kuma shi ke hana masu ruɓarwa zama. Haka gasarar koko take. Irin waɗannan halittu suna nan a jikin ganyen shu tun daga lambu, ba sai an sayo ba. Gishiri yana janyo ruwan ganyen waje, ya danne masu ɓata abinci na ƴan kwanaki, kafin masu kawo tsami su yi ƙarfi. A Darfur ta Sudan da gabashin Cadi ma mata na daka ganyen tafasa, tafasar nan tamu ta bakin gona, su danne a tukunyar ƙasa da aka binne har kusan mako biyu, su shanya, su riƙa miya da shi. Sunansa kawal.

Awon gishiri shi ne inda ba a wasa. Kowane kilo ɗaya na yankakken shu yana son giram 20 na gishiri, wato cokalin cin abinci ɗaya da ɗan tozo. Kilo 10, giram 200. Idan gari ya fara ɗumi a kai shi giram 25 a kilo, domin ganyen ya fi riƙe ƙarfinsa. Wadda ba ta da sikeli ta roƙi mai kanti ko mahauci ya auna mata sau ɗaya, ta ga iya inda kilo ke tsayawa a kwanonta, shi ke nan ta samu ma'auni. In gishiri ya yi kaɗan shu zai yi laushi da yauƙi, in ya yi yawa tsamin ba zai zo ba. Gishirin miya na yau da kullum ake so. Ban da gishirin dabbobi, sannan ban da kanwa ko da ƙwaya ɗaya. Mun saba jefa kanwa a ganye don ya yi laushi, amma kanwa kashe tsami take yi, kuma tsamin nan shi kaɗai ne ke tsare abincin. A sa ta, abin da za a buɗe ruɓa ne na gaske.

A zaɓi shu mai nauyi, wanda ya dunƙule tam. A tambayi mai lambu yaushe ya yi feshin ƙarshe, don masu noman shu na yawan fesa maganin tsutsa, wanda aka fesa jiya ko shekaranjiya a bar masa abinsa. A ɓare ganyen baya, a wanke, a ajiye manyan ganye biyu masu kyau gefe. Sauran a yanka siri-siri kamar za a yi kwaɗo. A barbaɗa gishiri a cikin roba mai tsabta, a murza da hannu sosai, minti goma ko fiye, har in kin damƙa ruwa ya riƙa ɗiga ta tsakanin yatsunki. Ba a ƙara ruwan rijiya, ruwan jikinsa ya isa.

Mazubi kuma, kwalba mai faɗin baki ta fi, ko bokitin roba mai murfi wanda abinci ne kawai ya taɓa shiga cikinsa. Kada a kuskura a yi amfani da bidon da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur, komai wankin da ya sha. Tukunyar alminiyam da kwanon ƙarfe ba su dace ba, tsami na cin su. Tukunyar ƙasa kuwa tana tsotse ruwan, sai in an shimfiɗa mata sabuwar leda mai kauri a ciki. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ana dannawa da dunƙulen hannu ko ƙaramar taɓarya har ruwan ya hau kan ganyen. A rufe da manyan ganyen nan biyu, a ɗora nauyi: ƙullin leda cike da ruwan gishiri yana yi, tsabtataccen dutse bisa faranti ma yana yi. Duk abin da ya leƙo saman ruwa ya sha iska, shi ne zai yi fumfuna. A bar sarari kamar yatsa uku a sama, kuma kada a ɗaure murfi tam, domin a kwanakin farko yana kumfa yana fitar da iska.

Abokin gabarmu a nan zafi ne. Shu mai tsami ya fi kyau a ɗumin digiri 18 zuwa 22, inda yake ɗaukar mako uku zuwa huɗu. Mu ko a tsakiyar hunturu rana na kaiwa wajen 30, sai dare ne ke da sanyi. Saboda haka namu zai yi sauri, daga kwana bakwai a fara ɗanɗanawa da cokali mai tsabta. A nemi lungun da ya fi sanyi a ɗakin ƙasa, kusa da randa, a kafa mazubin a cikin jiƙaƙƙen rairayi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda aka haɗa a Janairu ko farkon Fabrairu zai yi makonni ana ɗiba, muddin ana mai da sauran ƙarƙashin ruwa. Amma kada wata ta sa rai zai jure zafin Afrilu da Mayu yadda yake, laushi zai yi. Abin da ya rage kafin zafi ya tsananta a matse shi, a shanya bisa tsabtatacciyar tabarma kamar yadda ake yi wa kauɗa, a ɗaure a leda. Mutanen Nefal haka suke yi da ganyensu mai tsami.

Farin yana-yana da kan taru a saman ruwa ba komai ba ne, a kwashe. Idan kuwa aka ga fumfuna baƙa ko ja, ko ganyen ya yi yauƙi yana ɗoyi, a zubar gaba ɗaya, kada a ce za a tsince mai kyau. Na kirki ƙanshinsa kamar na tsamin nono ne, launinsa ya koma ruwan ƙwai mai haske, yana ƙaras-ƙaras a baki.

Yanzu girkin. Don gida mai mutum shida zuwa takwas, kilo ɗaya na haƙarƙari da kamar kilo ɗaya na shu sun isa. Ki ce wa mahauci ya sara miki ƙashi ɗai-ɗai tare da tsokar gadon baya, kaurin yatsa biyu, kada ya yanke kitsen. Ki shafa masoro da tafarnuwa da citta, ban da gishiri. A zuba man gyaɗa kaɗan a tukunya, in ya yi zafi a jera naman, a bar shi ya yi ja kafin a juya, sannan a kwashe. Na tunkiya zai saki kitsensa, na akuya sai an ɗan ƙara mai. A cikin man nan a soya albasa manya uku har ta yi laushi ta fara zaƙi, a jefa kimba ɗaya, kanumfari biyu ko uku, ganyen loriye, da tattasai ko attaruhu gwargwadon bakin gidan. Jamusawa na sa tuffa don ta rage kaifin tsamin, mu karoti biyu ko ɗan sukari na yin wannan aikin.

Ki ɗanɗana shu ɗin kafin ki zuba. In gishiri ko tsami ya yi miki yawa, ɗauraye shi sau ɗaya ki matse. A ranar farko ma na fi son a ɗauraye, har bakin yara ya saba. A shimfiɗa shi bisa albasar, a jera nama a kai, a zuba ruwa kofi ɗaya, a rufe, a janye itace a bar garwashi. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ana leƙawa kada ya kama, har tsoka ta fara sakin ƙashi. Sai a ƙarshe za a duba ko yana son gishiri ko magi, kuma sau da yawa ba ya so. Duk wadda ta san yadda yakuwa ke yi wa nama mai kitse ta riga ta san ɗanɗanon: tsamin na yanke maiƙon, mutum ya ci bai ginsa ba. Dankali ko kwambitar a dafa su daban, don tsami na hana su nuna da wuri. Da shinkafa ma yana tafiya, da dambu. In an gama a juye a kwanon roba ko na tangaran, kada ya kwana a tukunyar alminiyam.

A ajiye ɗan ɗanye a barbaɗa bisa abincin, ko a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da albasa. Dalili shi ne shu mai tsami na riƙe bitamin C, wanda dogon dahuwa ke ragewa. Rashin wannan bitamin ne ke sa dasashi zubar da jini, kuma don gudun ciwon ne matuƙin jirgin ruwan Ingila James Cook ya loda gangunan shu mai tsami lokacin da ya tashi doguwar tafiyarsa a 1768. Masu hawan jini dai su ci wanda aka ɗauraye, kuma kaɗan.

Tun da aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, sana'o'in da ake cin bashi a kansu sun haɗa da waɗanda maƙwabta suka riga suka san ɗanɗanonsu: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ƙosai, kiwon awaki. Shu mai tsami bai shiga wannan layi ba tukuna, don haka shawarata kada kowa ta ci bashin asusu a kansa bana. Ƙungiya ta haɗa ta sayi shu biyar, mata biyu ko uku su yi kwalba ɗai-ɗai a gidaje daban, kowacce ta riƙe ranar da ta haɗa da gishirin da ta sa. Ranar zubi ta mako na biyu a kawo kwalaben, a buɗe a gaban kowa, a ɗanɗana, a ga na wa ya fi ƙaras-ƙaras, kuma a wane lungu ta ajiye shi.