Mai Gyaran Laftof: Kunne Kafin Sukuddireba

A Anka, Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara, kwamfutar tafi-da-gidanka kayan neman abinci ce. Da ita malamin makaranta ke haɗa sakamakon jarrabawa, da ita ma'aikacin asibiti ke tara rahoton wata, da ita mai shago ke buga katin ɗaurin aure da takardar neman aiki, da ita matashi ke tura wa mutane finafinai da karatun malamai a waya. Da yawansu na hannu ne, HP da Dell da Lenovo da suka ƙare aiki a Turai ko Amurka, suka sauka Legas, suka biyo ta Kano ko Sakkwato. Bayan batir kuwa, abin da ya fi saurin gajiya a jikinsu shi ne had-dis, rumbun da ke riƙe da duk abin da mai ita ya ajiye.

Kukan mai kawo gyara ba ya wuce biyu: "Injiniya, ta yi nauyi," ko "Ta ƙi tashi." Gwani ba ya rarumo sukuddireba nan take. Sai ya tambaya: "Malam, ta taɓa faɗuwa? Batirinta na riƙe wuta? Akwai abin da ke ciki wanda ba ka da shi a wani wuri?" Sannan ya kunna ta, ya kara kunne a jikinta.

Akwai dalilin sauraren. A cikin rumbun laftof, mai faɗin inci 2.5, akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 a minti guda, da wata 'yar allura mai karatu da rubutu a kansa, kusan kamar garmaho, sai dai ita wannan ba ta taɓa faifan, iska ce ke ɗauke da ita a tazarar da ido ba ya gani. Tun 1956 da kamfanin IBM ya fito da rumbu na farko, mai faifai 50, tsarin bai canza ba, ƙanƙancewa kawai ya yi. Rumbu mai lafiya yana da sassanyan amo. In aka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, allura ce ke neman hanya tana rasawa. In aka ji kartar ƙarfe, ta sauka a kan faifai ke nan, kuma kowane daƙiƙa da aka bar ta a kunne ƙara ɓarna take yi.

Yanayinmu ba ya raga wa irin wannan na'ura. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu ya haura digiri 40 a inuwa, rumbu ya yi ta dahuwa a ciki. Batir ya mutu, ana aiki da janareta, mai ya ƙare, kwamfuta ta ɗauke tsakiyar rubutu. Ga mai rufe ta bai kashe ba, ya jefa a jaka kafin faifai ya tsaya, ya haye babur.

Amma ba kowane nauyi ne ciwon rumbu ba, kuma a nan ake gane mai ilimi da mai canki-canka. Ram na iya yin kaɗan, ƙwayar cuta na iya shiga manhaja, wani lokaci ma bakin rumbun ne ya zame daga mazauninsa. Sai a duba ko kwamfutar na ganinsa tun daga BIOS. A HP ana danna F2 lokacin tashi don gwaji, a Dell F12. Rumbun kansa yana riƙe da tarihin lafiyarsa, tsarin da ake kira SMART, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanto shi: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa ajali ya matso. Mai gyara yana duba yawan gurabun da suka lalace. In yau sun fi na jiya, magana ta ƙare.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan sana'a shi ne saurin yin fomatin. Yaro ya koyi ɗora Windows wata uku, kowace cuta aka kawo masa maganinta guda ne: a goge komai, a ɗora sabuwa. Kwamfuta ta yi sauƙi na mako biyu, ciwon ya dawo, alhali kundin digirin ɗalibi, ko lissafin bashin ɗan kasuwa, ko hotunan mahaifin da ya rasu sun tafi. Wani zai ce ai da an ajiye a intanet. Mai faɗin haka ya manta watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, garuruwan da ke wajen Gusau suka yi makonni masu yawa ba waya ba intanet. A nan, sau da yawa abin da ke cikin rumbu shi ne kwafi ɗaya tilo.

Don haka gwani ceto yake fara yi. Ya ciro rumbun, ya haɗa shi da wata kwamfuta ta igiyar USB, ya tambayi mai shi abin da ya fi muhimmanci, ya kwashe wannan tukuna, finafinai su jira. In rumbun na sarƙewa, akwai manhaja irin ddrescue da ke kwashe wuraren da ke da lafiya ta tsallake masu ciwo, sannan ta dawo musu. Aikin kan kwana, shi ya sa mai sola ya fi mai janareta kwanciyar hankali. Gwani ba ya sa rumbu a firji kamar yadda wasu ke yaɗawa, ba ya kuma buɗe murfinsa a shago, don ƙwayar ƙura guda ta isa ta karce faifai. In abin ya fi ƙarfinsa yakan faɗi gaskiya: "Alhaji, wannan sai manyan birane, kuma kuɗinsa na iya fin na kwamfutar."

Sauyin kansa bai da wuya. A cire caja da batir, a kwance 'yan sukurori, a zare tsoho a zura sabo a bakin SATA, a ɗora manhaja. Shawarar da ta dace yau ita ce SSD, wanda ba faifai ba allura, girgizar hanya ba ta damunsa, kuma tsohuwar laftof takan farfaɗo da shi har mai ita ya yi mamaki. Sai dai shi ba ya kuka kafin ya mutu, dole a riƙa kwafe aiki a filas.

Kayan gyaran ba a waɗannan garuruwan suke ba. Ana kiran dila a Gusau, Sakkwato ko titin Beirut a Kano, a tura kuɗi, a ba direba saƙo, a jira ya biyo ta Daki Takwas in hanya ta yi lafiya. Da ya iso, mai gaskiya yakan gwada shi a gaban mai kwamfuta, domin SMART na nuna awowin da rumbu ya yi yana aiki, kuma wanda aka ce sabo ne a kwali kan fito da shekaru a kansa.

Tsohon rumbun kuwa na mai shi ne. Ko ya daina tashi, akwai takardun ofis, lambobin asusu da hotunan iyali a ciki, kuma wani mai ilimi na iya tono su. Mai gyaran kirki ba ya leƙa abin da ba a sa shi ba, ba ya jefa shi a kwalin da zai sayar wa 'yan gwangwan. Yakan miƙa wa mai shi a hannu, ko in an ba shi izini ya huda faifan da ƙusa a gabansa.